Dalma a Man Fetur: Tarihin Gubar da Ta Zauna a Ƙasar Bakin Hanya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda aka yi dalma ta shiga cikin man fetur, ta fito ta salansar mota, sa'an nan ta zauna a ƙasar da ke gefen hanyoyi a kusan ko'ina cikin duniya. An fara sayar da fetur mai dalma a Amurka a watan Fabrairu na 1923, aka kuma sayar da na ƙarshe a gidajen man Aljeriya a watan Yuli na 2021, watau shekara 98 ke nan ana abu ɗaya. Sau da yawa akan ba da wannan tarihi kamar labarin duhun kai ne wanda ilmi ya zo ya yaye, a ce mutanen da ba su san illar abin ba, sai da kimiyya ta ci gaba aka gano, aka gyara. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne al'amarin ba haka ya kasance ba. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, watau ina dalmar za ta je bayan ta fita daga mota, an yi ta tun kafin a sayar da galan na farko. Ajiye ta aka yi da gangan har wajen shekara arba'in, kuma da lokacin amsa ya yi, ƙasar bakin hanya da ciyawarta suna cikin shaidun farko.

Dalma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ya san ta a harsashi da batirin mota, kuma dutsen da ake samun ta daga cikinsa shi ne wanda aka daɗe ana niƙawa a yi wani irin kwalli. Cewa guba ce kuwa, wannan tun zamanin Girkawa da Rumawa likitoci suka rubuta. Akwai ma'auni biyu da za su riƙa zuwa a cikin takardar. Dalmar ƙasa da ta tsiro ana auna ta da kashi cikin miliyan. Ƙasar da ba a gurɓata ba galibi tana ɗauke da kashi 10 zuwa 30 ne. Dalmar jini kuma ana auna ta da mikrogiram a cikin kowace desilita ta jini.

2.0 Yadda Dalma ta Shiga Fetur

A farkon ƙarni na 20 masu ƙera motoci sun yi fama da wata matsala. Idan aka matse cakuɗen fetur da iska sosai a cikin silinda domin a sami ƙarfi, wani ɓangarensa yakan kama da wuta da kansa tun wutar da fulogi ya kunna ba ta iso shi ba. Sai a ji inji yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙarfinsa ya ragu, in abin ya daɗe ya lalace. (Ba wannan makanikanmu ke nufi ba idan suka ce inji ya yi nokin, ko da yake tushen kalmar ɗaya ne.) Charles Kettering, shugaban sashen bincike na kamfanin General Motors a garin Dayton, ya ɗora wa wani injiniya mai suna Thomas Midgley aikin neman magani. Bayan an gwada sinadarai masu yawan gaske, ranar 9 ga Disamba 1921 aka dace da wani ruwa mai maiƙo da ake kira dalmar tetara'etil, wanda daga nan zan riƙa kira ruwan dalma. Abin da bai cika ƙaramin cokali ba a galan guda ya isa ya kashe ƙarar.

Ruwan dalma ba sabon abu ba ne a lokacin. Wani masani Bajamushe ya haɗa shi tun cikin shekarun 1850, an kuma san yana ratsa fatar mutum ya shiga jini. Haka nan ba shi kaɗai ne magani ba. Kettering da Midgley sun san barasar etanol tana hana ƙwanƙwasa, sun ma gwada ta. Sai dai ita ana bukatarta da yawa, kuma duk mai hatsi ko rake yana iya yin ta, saboda haka ba kamfanin da zai iya cewa tasa ce. Ruwan dalma kuwa ana iya yi masa rajistar mallaka, a riƙa karɓar la'ada a kan kowane galan. A shekarar 1924 General Motors da Standard Oil na New Jersey suka haɗa hannu suka kafa kamfanin Ethyl domin sayar da shi, DuPont kuma yana sarrafawa. Sunan Ethyl aka riƙa rubutawa a jikin famfunan mai, kalmar dalma kuwa aka kauce mata a talla.

Akwai wani abu ɗaya da ya kamata mu lura da shi a nan, domin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Dalmar da ta ƙone a inji takan manne a fulogi da bawul ta toshe su. Maganin da aka yi wa wannan shi ne aka ƙara wasu sinadarai masu buromin da kulorin, waɗanda aikinsu shi ne su kwashe dalmar su fitar da ita tare da hayaƙi. Wajen kashi uku cikin huɗu na dalmar da aka zuba a tanki ta salansa yake fita. Ashe ke nan zubar dalma a kan hanya ba haɗari ba ne da ya auku daga baya. Haka aka tsara abin tun daga farko, don a kuɓutar da inji.

3.0 Tambayar da Aka Yi Aka Ajiye, 1922–1926

Tun a ƙarshen 1922, watanni kafin a fara sayarwa, wani masanin sinadarai na Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka, William Mansfield Clark, ya rubuta wa shugabanninsa cewa a hanyoyin da motoci suka yi yawa, da wuya ƙurar dalma ba ta zauna ƙasa-ƙasa ba, inda mutane ke shaƙa. Babban Likitan Gwamnati, Hugh Cumming, ya aika wa kamfani tambaya. Midgley ne ya ba da amsa. Ya ce a ganinsa dalmar da za a samu a titi ba za ta kai a iya gano ta ba, amma a cikin wasiƙar nan ya yarda cewa ba a yi wani gwaji a kan haka ba. Da wannan amsa aka buɗe famfo a Dayton. A farkon 1923 ɗin kuwa Midgley da kansa ya tafi Fulorida hutun jinya, saboda dalmar da ta taru a jikinsa.

Abin da ya tayar da hankalin jama'a ba ƙurar titi ba ce, mutuwar ma'aikata ce. A watan Oktoba na 1924, a matatar Bayway ta Standard Oil da ke New Jersey, ma'aikatan da ke haɗa ruwan dalma suka fara zaucewa, suna gane-gane, har ana ɗaure wasu. Mutum 5 suka mutu cikin 'yan kwanaki, aka kwantar da wasu gommai. Daga baya ta bayyana cewa an yi irin wannan mutuwa a Dayton da kuma masana'antar DuPont ta Deepwater, inda ma'aikata suka laƙaba wa ginin suna gidan malam-buɗe-littafi, saboda ƙwarin da marasa lafiya ke kaɗewa daga jikinsu alhali ba kome. Jimillar waɗanda suka mutu ta kai wajen 15. Birnin Niyok da Filadelfiya da jihar New Jersey suka hana sayar da man. Ranar 30 ga Oktoba Midgley ya tara 'yan jarida, ya zuba ruwan a hannunsa, ya shaƙi tururinsa, don ya nuna ba kome. A daidai wannan lokaci kuma Hukumar Ma'adinai ta Amurka ta fitar da rahoton gwajin da ta yi da dabbobi, ta ce hayaƙin ba ya cutarwa. Kamfani ne ya biya kuɗin gwajin, kuma yarjejeniyar ta ba shi ikon duba rahoto kafin a fitar.

Ranar 20 ga Mayu 1925 Cumming ya kira taro a Washinton. Wannan taro, a ganina, shi ne mararrabar tarihin gaba ɗaya, kuma ya cancanci malaman tarihi su karanta bayanansa da idon basira. A gefe ɗaya akwai Yandell Henderson na Jami'ar Yale da Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard, wadda a zamaninta ba wanda ya fi ta sanin cututtukan masana'antu a ƙasar. Hujjarsu ita ce masana'anta ana iya gyara ta, a sa fanka, a ba ma'aikaci safar hannu, amma titi fa? Henderson ya yi gargaɗi cewa dalmar za ta riƙa taruwa ne a hankali, cutar ta shigo a ɓoye, ta yadda kafin jama'a da gwamnati su farga man ya riga ya game ko'ina. A ɗaya gefen, Frank Howard na Standard Oil ya kira ruwan dalma kyauta daga Allah, ya ce ba za a yi watsi da ita ba saboda zato. Taron da aka sa ran zai ɗauki kwanaki, a yini ɗaya aka tashi, aka miƙa maganar ga kwamiti.

Kwamitin ya duba direbobi da ma'aikatan gareji wajen 250 cikin 'yan watanni. A watan Janairu na 1926 ya ce bai ga ƙwaƙƙwaran dalilin hana man ba, muddin ba a wuce mililita 3 a galan ba. Amma ya haɗa da wani sharaɗi wanda aka fi mantawa da shi: ya ce binciken gajere ne, kuma idan motoci suka yawaita al'amarin na iya sakewa, saboda haka lalle gwamnati ta ci gaba da bincike da kuɗinta. Izinin aka ɗauka, sharaɗin aka bari. Kowa ya duba zai ga cewa manya masu ƙarfi aka auna, maza ma'aikata. Ba a auna yaro ba, ba a kuma ɗebi ƙasa ba.

4.0 Zamanin Kehoe

Binciken da gwamnati ba ta yi ba, kamfanoni suka ɗauka. Robert Kehoe, likitan kamfanin Ethyl, ya shugabanci ɗakin binciken Kettering a Jami'ar Cincinnati, wanda kamfanonin ke ɗaukar nauyinsa, kuma har cikin shekarun 1960 kusan duk abin da Amurka ta sani a kan dalma daga hannunsa ya fito. Koyarwarsa ta tsaya a kan ƙafa biyu. Ta farko, dalma abu ce ta halitta, kowa yana da ita a jiki, jiki kuma yana fitar da abin da ya shiga. Ta biyu, ba cuta sai jini ya kai mikrogiram 80. Wanda ya ce akwai illa, shi zai kawo hujja, in bai kawo ba a ci gaba da sayarwa. Kehoe ba maƙaryaci ba ne a ma'anar da muka saba, domin awonsa ya nuna masa dalma a jikin kowa. Abin da bai yarda ya tambaya ba shi ne ko daga ina ta zo. A 1959 aka ɗaga iyakar zuwa mililita 4, kuma a farkon shekarun 1970 motocin Amurka kaɗai suna ƙona fiye da tan 200,000 na dalma a shekara.

5.0 Ƙasa ta Ba da Shaida

Abin sha'awa ne cewa waɗanda suka fara karya wannan koyarwa ba likitoci ba ne, masana ƙasa da duwatsu ne, kuma yawancinsu wani abu dabam suka fita nema. Masu neman ma'adinai suna da dabarar ƙona ganye su auna tokarsa, domin tsiro yakan nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Harry Warren da Robert Delavault na Jami'ar British Columbia a Kanada suna irin wannan aiki suka lura cewa itatuwan bakin hanya suna nuna dalma mai yawa a inda ba ma'adinin dalma ko kaɗan, suka buga bayanin a 1960. A 1962 Helen Cannon da abokiyar aikinta Bowles, na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, suka buga abin da suka samu a mujallar Science. Ciyawar da aka ɗebo kusa da manyan mahaɗun hanya a Denver, bayan an wanke ta, tokarta na ɗauke da dalma har kashi 3,000 cikin miliyan. A ɓangaren da iska ke kaɗawa, sai an yi tafiyar ƙafa 500 daga titi ana samun fiye da kashi 50. Sun kuma sami dalma a kayan lambun da aka shuka ƙafa 25 daga hanya. Ga amsar wasiƙar Midgley ta zo bayan shekara arba'in.

Wanda ya rusa ginin Kehoe daga tushe shi ne Clair Patterson na Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya. Shi shekarun duniya yake nema. Da yake yuraniyam yana rikiɗa ya zama dalma a kan ƙa'ida sananniya, in aka auna dalmar dutsen da ya faɗo daga sama ana iya lissafa shekarunsa. Matsalar da ta hana shi sakat ita ce duk abin da ya taɓa, ruwa ko kwalba ko iskar ɗaki, yana ƙara wa awonsa dalma. Sai da ya gina ɗaki mai tsananin tsabta sa'an nan ya sami lissafin da ya buga a 1956, watau shekara miliyan 4,550, wanda har yau bai sake sosai ba. Daga nan ya juya ga tambayar da Kehoe ya ƙi yi. Ya auna ruwan teku ya ga dalmar sama-sama ta fi ta zurfi nesa ba kusa ba. Ya haƙa ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika, wadda ke kwance hawa-hawa shekara bisa shekara, shi da Murozumi da Chow suka nuna a 1969 cewa dalmar ƙanƙarar Girinlan ta ninka fiye da sau 200 a kan ta zamanin da, kuma hawan ya fi tsanani bayan 1940. A takardarsa ta 1965 ya ce dalmar da ke jikin Ba'amurke ta ninka ta halitta wajen sau 100. Watau abin da Kehoe ke kira na halitta, na gama-gari ne kawai. An gurɓata kowa, har da mutanen da ake kwatantawa da su. Patterson ya rasa kwangilar bincike saboda wannan magana, kuma da aka kafa kwamitin masana kan dalmar iska a 1971 ba a sa shi ba.

A 1970 Lagerwerff da Specht na Ma'aikatar Gona ta Amurka suka faɗaɗa hoton. Sun ɗebi ƙasa a nisa dabam-dabam daga hanya da zurfi dabam-dabam, suka auna dalma da tutiya da kadmiyam da nikel. Duk huɗun suna raguwa in ana nisa da titi, suna kuma raguwa in ana nutsawa ƙasa. Tutiya da kadmiyam daga goguwar taya da baƙin mai suke fitowa. Wannan siffa, watau yawa a bakin kwalta da saman ƙasa, raguwa a nesa da zurfi, ita aka riƙa samu a kowace nahiya daga baya, har ta zama tamkar sa hannun mota a kan ƙasa.

Dalilin da ya sa dalma ke tsayawa a sama shi ne tana kama yumɓu da ruɓaɓɓen ganye ta riƙe gam. Ruwan sama ba ya wanke ta zuwa ƙasa sai kaɗan, ba ta ruɓewa, rana ba ta cinye ta. Masana suna lissafa zamanta a ƙasa da ɗaruruwan shekaru. Inci biyu ko uku na sama nan ne ta fi taruwa, nan ne kuma yaro ke rarrafe, nan iska ke ɗiba.

6.0 Daga Ƙasa Zuwa Jinin Yaro

Yaro ƙarami yana sa hannu a baki, cikinsa kuma yana tsotse dalma fiye da na babba sau da yawa, ga shi ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa. A 1979 Herbert Needleman ya buga binciken da ya yi da haƙoran da yaran makaranta suka famfare a garuruwan Chelsea da Somerville na jihar Massachusetts, domin haƙori yana ajiye dalmar da ta ratsa jiki. Yaran da haƙoransu suka fi dalma sun gaza sauran da wajen maki 4 a gwajin basira, malamansu kuma, ba tare da sun san sakamakon awon ba, sun fi bayyana su da rashin natsuwa a aji. Ba ɗayansu da ya kai mikrogiram 80 ɗin Kehoe, ba kuma wanda za a kalla a ce ba shi da lafiya. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye mu da ke horar da malaman makaranta, domin irin wannan yaro daƙiƙi ko mara ji za a kira shi. A 1983 Howard Mielke ya auna ƙasar lambuna fiye da 400 a Baltimore, ya ga dalma ta fi taruwa a tsakiyar gari inda motoci suka fi cunkoso, abin da ya nuna cewa tsohon fenti kaɗai ba zai bayyana ta ba.

Amma ba lafiyar yara ce ta fara korar dalma daga tanki ba. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta wa masu ƙera motoci rage wasu gurɓatattun iskoki, suka sa wa motocin 1975 wata tukunyar tace hayaƙi mai sinadarin filatinam, ita kuwa dalma kashe ta take yi. Dole aka fito da fetur marar dalma. General Motors, wanda ya sayar da hannun jarinsa na Ethyl tun 1962, yana cikin waɗanda suka nemi a yi hakan. Kamfanin Ethyl ya kai Hukumar Kare Muhalli ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1976 cewa hukuma tana da ikon hana abu saboda haɗarin da ake tsoro, ba sai ta jira an ga gawa ba. Hukuncin nan ya juya ƙa'idar 1925 a kanta. Sakamakon ya fito a fili: matsakaicin dalmar jinin yaran Amurka 'yan shekara 1 zuwa 5 ya sauko daga mikrogiram 15 a 1976–1980 zuwa 3.6 a 1988–1991. An hana man gaba ɗaya a motocin Amurka a farkon 1996, Tarayyar Turai ta bi a 2000. Japan ta riga su, domin tun 1975 ta cire dalma daga man da yawancin motocinta ke sha, bayan hayaniyar da aka yi a 1970 kan wata mahaɗar hanya a Tokiyo. Iyakar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke ɗauka abin damuwa a jinin yaro ta yi ta sauka, daga 60 a shekarun 1960 zuwa 25 a 1985, zuwa 10 a 1991, zuwa 3.5 a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba wani adadi da aka san ba ya cutarwa.

7.0 Afirka da Abin da Ya Saura

Da kasuwar Amurka da Turai ta rufe, ciniki ya koma ƙasashe masu tasowa. Kamfanin Octel na Ingila, wanda ya sake suna ya koma Innospec, shi ya zama babban mai sarrafa ruwan dalma, kuma a 2010 ya amsa laifi a kotu cewa ya ba jami'an Indonesiya da Iraƙi cin hanci don a ci gaba da saye. Nijeriya ta sha fetur mai dalma har farkon shekarun 2000, kuma masananmu ba su yi shiru ba. A 1984 Ndiokwere na Jami'ar Binin ya buga awon ƙasa da ciyawa da amfanin gona na bakin hanya, ya sami siffar nan ta raguwa da nisa. A 1997 Jerome Nriagu da abokan aikinsa suka buga awon jinin yara 'yan shekara 1 zuwa 6 a Kaduna. Matsakaicin ya kai mikrogiram 10.6, kuma abubuwa biyu da suka fi alaƙa da yawan dalma su ne gidan yaro yana bakin titi mai kwalta, ko kuma gidansu akwai mota. Dubi yadda alamun arziki biyu suka zama ƙofar cuta.

A taron Dakar na watan Yuni 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi alkawarin daina man kafin ƙarshen 2005, kuma an cika alkawarin, domin daga 1 ga Janairu 2006 yankin ya koma marar dalma. A taron Johannesbag na 2002, lokacin da ƙasashe 117 ke sayar da man, aka kafa ƙawance ƙarƙashin Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce kuma ta ba da sanarwar ƙarshensa ranar 30 ga Agusta 2021. Ƙananan jiragen sama masu injin fistin suna cikin waɗanda suka rage suna shan mai mai dalma.

Sanarwar ta shafi famfo ne, ba ta shafi ƙasa ba. A 2021 ɗin nan masana na Kwalejin Imperial suka nuna cewa har kashi 40 cikin ɗari na dalmar da ke iskar Landan ta tsohon fetur ce, wadda iska da tayoyi ke tayarwa daga ƙasa, shekara ashirin bayan hani. A Kalifoniya hukumar hanyoyi ba ta kwashe ƙasar gefen tsohuwar babbar hanya sai an auna ta, in dalmar ta wuce iyaka a bi da ita yadda ake bi da shara mai guba. Tutiya daga taya da jan ƙarfe daga birki kuwa ba su daina zuba ba, don ba su da alaƙa da fetur. Mun kuma ga a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka mutu, cewa maganin ƙasa mai dalma shi ne a kankare samanta a kawo sabuwa. Can dalmar daga dutsen zinariya ta fito, yawanta kuma ya wuce na bakin hanya nesa, amma wahalar kwashewar ta nuna dalilin da ya sa ba ƙasar da ta taɓa share gefen hanyoyinta duka.

Mu a nan muna da al'adu da yanayi da suka sa batun ya fi matsowa kusa. Muna shanya barkono da tumatir da rogo da masara a gefen kwalta. Muna kasa tsire da ƙosai a tasha. Makarantun firamare da yawa suna bakin titi, filin wasansu ƙasa ce tsirara, ga rani mai tsawo da hunturu mai tayar da ƙura. Tsofaffin hanyoyi irin ta Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna, da tashoshin mota na cikin birane, sun shekara da yawa suna karɓar hayaƙin mai mai dalma. Aikin da kwalejojinmu za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba, in sashen tarihi da na kimiyyar sinadarai suka haɗa kai. Na tarihi ya fito da tsohuwar taswira da bayanan ma'aikatar ayyuka ya nuna inda hanya ta bi kafin 2000, da inda aka faɗaɗa ta ko aka karkatar da ita, domin sabuwar hanya ba za ta nuna abin da tsohuwa ta ajiye ba. Na kimiyya kuma ya ɗebi ƙasa a mita 5 da 20 da 50 daga tsohon gefen, a saman ƙasa da kuma zurfin taƙi guda, a fara da filayen makarantun da ke kan waɗannan hanyoyi.